Tambayoyin masu karatu: Wai mulkin farar hula bai karɓi Sudan ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Gadarif nake rubutowa. Da mu aka fita titi a 2019 ana "tasgut bas" (wato "gwamnati ta faɗi kawai") har Bashir ya faɗi, amma yanzu baba cewa yake ƙasar nan sai mai ƙarfi, farar hula ba za su iya ba. Wai haka ne?

Amsa: Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Baba yana da dalilinsa fa, a gabansa abin ya yi ta maimaituwa, jama'a sun kori Janar Abbud a 1964, Kanar Numeiri ya ƙwace mulki a 1969, an kore shi a 1985, Bashir kuma ya kifar da gwamnatin farar hula ta Sadiƙul Mahdi a 1989 ya zauna shekara 30. Sai dai ni ban yarda da hukuncin da ya yanke ba.

Ai farar hula ba su taɓa riƙe ƙasar da gaske ba. Ka duba Hamdok, an ba shi ofishin firaminista a watan Agusta 2019 amma bindiga tana hannun Burhan shugaban soja da Hemedti shugaban dakarun RSF, kamfanonin soja da zinare su ma suna can, shi kuwa bashi ya gada da layin burodi, da aka cire tallafin mai kuma hauhawar farashi ta haura kashi 300 a 2021, toh talakan da ke jin yunwa wa zai zaga in ba wanda yake gani a talabijin ba? Nan masu zaƙin baki suke shigowa, su ce mu ne muryar jama'a, 'yan siyasa duk ɓarayi ne. Har zaman dirshan aka yi a ƙofar fadar shugaban ƙasa ana roƙon soja su karɓa, ranar 25 ga Oktoba 2021 kuwa suka karɓa.

Mu Hausawa mun ga inda irin wannan siyasar take kai mutane, a jihar Blue Nile a 2022 da aka mai da maganar ƙasa da sarauta ta koma ta ƙabila, wallahi har yau raina yana ɓaci in na tuna rayukan da aka rasa.

Ka gaishe da baba, cikin ladabi ka tambaye shi: yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, ya raba miliyoyi da gidajensu, farar hula ne suka tayar ko masu ƙarfin ne su biyu?