Matambayi Ba Ya Ɓata: Shirin Mawaƙiyar Nan Ya Raba Kan Gidanmu

Jama'a assalamu alaikum. Wannan makon kusan rabin saƙonnin da suka shigo a kan abu ɗaya ne, wato shirin nan mai dogon zango da ake sakewa a YouTube, na marainiyar da ke aiki a shagon ɗinki tana burin zama mawaƙiya, wani mai situdiyo ya ɗauke ta ya zama ubangidanta, ashe ta ƙofar baya ƙwaya yake sayarwa, har aka tsinci gawar ƙawarta 'yar amshi aka kama ita yarinyar. Na zaɓo uku daga ciki.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni dai shirin nan ya hana mu zaman lafiya, maigida ya ce kar a ƙara kallonsa a gidansa wai yana koya wa yara rashin ji, ni kuma wallahi ina ganin akwai darasi, ga 'yata 'yar shekara 16 kullum tana waƙe-waƙe a kicin kuma muryarta masha Allah, tun da aka fara shirin sai gabana ke faɗuwa. Matan unguwa kuwa cewa suke ai yarinyar fim ɗin ita ta jawo wa kanta, wa ya aike ta. Ya kike gani? Daga wata uwa, Tudun Wada.

AMSA: 'Yar uwa sannu da ƙoƙari. Maganar nan ta "wa ya aike ta" ni ma na ji ta, a gidan suna a Unguwar Dosa ta Kaduna na ji, na sake ji a cikin keke daga Kawo zuwa kasuwa, kuma gaskiya tana min ciwo. Ku duba fa, babban mutum mai gemu ya yaudari yarinya marainiya, ya karɓe waƙoƙinta ya sayar, ya ɗora mata jakar da ba ta san me ke ciki ba, amma da muka tashi yanke hukunci sai muka tsallake shi muka dira kan yarinyar. Har wasu samari na ji suna yabon shigarsa da motarsa. To in haka muke kallo, matsalar ba daga shirin kaɗai take ba.

Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne, ba muryarta ce ta kai ta ga halaka ba, ɓoyo ne. Ki tuna kashin farko-farko, da ta gaya wa gwaggonta tana son waƙa mari ta sha, daga ranar ta daina faɗa, sai ta koma cewa za ta kai ɗinki alhali situdiyo za ta, to ranar da abu ya lalace babu wanda ya san inda take balle wanda take tare da shi. Mugu irin wannan yake nema, yarinyar da ba ta da wanda za ta gaya wa.

Kuma waƙar mata ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta shafe shekaru tana amada da ƙwarya a gidajen biki da suna, iyayenmu mata su ne 'yan kallonta. Ban ce ki saki 'yarki ba fa, shekara 16 yarinya ce, karatunta ne gaba. Amma ki zaunar da ita ki ji me take so, in ma waƙar ce ki san wacce iri, don akwai masu bege, akwai na Islamiyya, akwai na faɗakarwa. Maigida kuma kar ki yi masa gardama a gaban yara, gidansa ne kuma tsoronsa na da tushe, ki samu lokacin da ransa ke sanyi ki roƙe shi ya kalli kashi ɗaya tare da ke, in ya ce a'a bayan nan to ki bi, hirar da za ki yi da 'yarki ba sai da fim ba.

TAMBAYA: Anti ni ina aiki a situdiyo, ni ke haɗa kiɗa da gyaran murya. Shirin nan ya ɓata mana suna wallahi, yanzu ko zance na je sai a ce ai ku ne masu ƙwaya, iyayen yarinyar da nake nema ma sun fara ja da baya. Ba zalunci ba ne wannan? Me ya sa hukuma ba za ta dakatar da shi ba? Daga wani matashi, Rigasa.

AMSA: Ƙanena na ji zafinka kuma kana da gaskiya ta wani ɓangare. A duk shirin babu mai situdiyo ɗaya na kirki, ko ɗaya, kuma wannan kasawa ce ta marubucin, don mun san akwai masu sana'ar nan da ita suke ciyar da iyayensu suna biyan kuɗin makarantar ƙanne. Da an saka mutum ɗaya mai amana a gefe da labarin ma ya fi daɗi, mai kallo ya ga bambanci.

Amma batun dakatarwa ban bi ka ba. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa tana nan tun 1993, ta jihar Kano kuma tun 2001, aikinsu su duba abin da ya saɓa doka da tarbiyya, ba su hana a nuna mugu don ya fito daga wata sana'a ba, in ba haka ba gobe direbobi su ce kar a nuna direban banza, jibi 'yan kasuwa su ce kar a nuna mai tauye mudu. Kuma ƙwayar nan ba marubuci ne ya ƙirƙiro ta ba. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin bayan wani binciken BBC ya fallasa yadda ake sayar da shi ta bayan fage, ga ƙwayar taramol har yau hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi NDLEA na kamawa, kai da kake Rigasa ba sai na gaya maka yadda take cin samari ba, har da 'yan mata da matan aure.

Inda ni shirin ya ɓata min rai daban ne. An nuna yarinyar ta yi wata biyu a sel ɗin 'yan sanda ba kotu ba lauya, kuma an nuna shi kamar haka doka ta ce, babu ko mutum ɗaya a ciki da ya ce wannan ba daidai ba ne. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 cewa ya yi a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kotun kusa, cikin kwana biyu. In laifin babba ne kamar kisa, kotu ce ke da ikon ba da umarnin a ci gaba da tsarewa. Akwai kuma hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali wadda aka kafa tun 1976. Mutane da yawa ke kallon shirin nan, da jimla biyu aka saka a bakin wani da an wayar da kan talakawa.

Maganar surukai kuma, ka gayyaci wan yarinyar ko kawunta ya zo ya ga wurin aikinka da rana tsaka ba tare da ka shirya komai ba. Gani ya kori ji.

TAMBAYA: Anti ni ɗaliba ce, shekarata 22, ina rubuta waƙa kuma iyayena sun sani. Wani ya ce zai ɗauki nauyin buga min guda uku kyauta amma a tasharsa za a saka. Tun da na ga abin da ya faru a shirin nan nake tsoro. In karɓa? Daga wata ɗaliba, Malali.

AMSA: 'Yata madalla da kika tambaya kafin ki shiga. Kalmar "kyauta" ɗin nan ita za ki tsaya a kai. In waƙa ta hau tasharsa, kuɗin talla da YouTube ke biya aljihunsa za su, mabiya ma nasa ne, to me ke naki? Wannan shi za ku rubuta. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ba ki haƙƙin waƙarki da zarar kin rubuta ta ko kin naɗe ta, kuma mallaka wa wani wannan haƙƙin ba ya tabbata sai a rubuce. Shi ya sa takarda ce ke kare ki kuma ita ce za a iya cutar ki da ita, kar ki sa hannu a kan abin da ba ki karanta ba, in da Turanci mai wuya ne ki kai wa wanda ya san doka ya duba miki, mai gaskiya ba zai ƙi ba ki kwana biyu ba.

A takardar a faɗi sunan wa zai fito a matsayin marubuciya da mawaƙiya, kashi nawa ne naki, shekara nawa zai riƙe waƙoƙin, kuma ko kina da damar rera su a biki ba sai da izininsa ba. Ki ajiye littafin da kike rubutu da naɗin farko na wayarki mai kwanan wata. Ranar zuwa situdiyo ki tafi da yayanki ko wata babba daga gida, da rana, kuma duk wanda ya ce ki riƙe masa jaka ko ki kai saƙon da ba ki buɗe kin gani ba ki ce a'a ko da ubangidanki ne. In ya ji maganar takarda ya fara cewa ba ki yarda da shi ba ne, ki yi masa godiya ki ɗauki littafinki ki koma gida. Ki rubuto min yadda kuka yi, ina jira.