Baƙin da ke cikin takarda

Ɗana, jiya ka jera hotuna biyu a kan tebur, wanda muka wanke a ɗakin duhu da wanda firinta ta buga, ka ce: "Maigida, fuska ɗaya ce, me ya sa baƙin namu ya fi zurfi?" Hannuna na cikin ruwa a lokacin. Ga amsarka yanzu.

Ɗauki namu ka karkata shi wajen taga. Ka lura hoton ba a saman takarda yake ba, a cikinta yake. Firinta tawada take fesawa. Namu kuwa azurfa ce, ƙarfe na gaske, ƙwayoyi ƙanana ƙwarai a kwance cikin jelatin, wato wani siririn shafe mai kama da danƙo da ke fuskar takardar. Kafin haske ya taɓa su gishirin azurfa ne, sai dibelofa, wato ruwan sinadarin da ke fito da hoto, ta mai da waɗanda haske ya taɓa baƙin ƙarfe. Inda haske ya yi yawa azurfa ta taru, inda ya yi kaɗan ta yi shara-shara. Dubi yadda toka-toka ke gangarowa daga goshin dattijon nan na cikin hoton zuwa kuncinsa, ba ka ganin inda wani launi ya tsaya wani ya ɗauka. Ƙarƙashin jelatin kuma akwai farin shafe na wani sinadari da ake kira barita. Haske yakan ratsa azurfar, ya bugi farin nan, ya dawo idonka. Zurfin da ka gani ke nan. Tun 1871 da Richard Maddox, wani likita a Ingila, ya nuna jelatin na iya riƙe gishirin azurfa, har yau da shi ake aiki.

Amma kyan nan yana da haƙƙi a kanka, kuma a nan nake so ka buɗe kunne. Haifo, ruwan sinadarin da ake tsoma hoto a ciki bayan dibelofa, wanda masanin kimiyya John Herschel ya gano aikinsa a 1819, shi ke narkar da gishirin da haske bai taɓa ba. Idan ya gama aikinsa ya zauna a takarda, abokin gaba ya zama. Takardar barita tana shan sa kamar auduga, shi ya sa nake barin ta kusan awa guda a ruwa mai gudu. Takarda mai rufin roba mintoci kaɗan sun ishe ta, tana da amfaninta, sai dai ni ban taɓa ganin baƙinta ya kai na barita ba.

Ina yaro a sana'ar nan na taɓa tsame hoton mahaifiyar wani daga ruwa bayan minti 15, don yana sauri. Shekaru kaɗan ya dawo da shi, fuskar ta yi rawaya-rawaya, tsohuwar kuma ta riga mu gidan gaskiya. Har yau abin na ci mini rai. Daga nan ne ma na fara tsoma aikina a ruwan sinadarin saleniyam, yana ƙara wa baƙi ƙarfi, yana kuma kare azurfa daga gurɓatacciyar iska.

Sai abu guda: jiƙaƙƙen hoto maƙaryaci ne. A tire farinsa na walƙiya, idan ya bushe sai ya ɗan dusashe. Gobe kai za ka sake wanke dattijon nan. Ka riƙe ɗumin dibelofa a digiri 20 na Salsiyas, ka ba takarda minti 2 cikakku ko da hoton ya fito tun kafin nan, kuma ka busar da 'yar takardar gwajinka kafin ka kawo mini.