Maigida, sikeli ya ce ya ƙaru da kilo ɗaya da rabi

Yarona, na ga saƙonka tun da safe, sai yanzu na samu zama. Ka ce bawan Allahn nan da na haɗa ku sati uku da suka wuce don ka horar da shi ya rage ƙiba ya sauke kilo biyu da rabi a satin farko har yana sa maka albarka, sati na biyu abu ya tsaya cak, yau Litinin kuma ya hau sikeli ya tarar da ƙarin kilo ɗaya da rabi a kan na ranar Asabar. Ya sauko rai a ɓace, ya ce ana ɓata masa lokaci. Tambayarka ita ce: "Maigida, in ƙara rage masa abinci in ƙara masa gudu, ko in ce masa tsoka ce ta ƙaru?"

Kada ka yi ko ɗaya. Ɗauko biro mu yi lissafi tukuna.

Kilo ɗaya na kitsen jikin mutum yana ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 7,700. Kilo ɗaya da rabi ke nan ya haura 11,500. Namiji baligi kuwa yana ƙona wajen 2,500 a yini. Kafin mutumin nan ya tara wannan kitse daga Asabar zuwa Litinin, sai ya ci abincinsa na kwana biyun cif, sannan ya ɗora abincin kwana huɗu da rabi a kai. Dube shi da kyau, ya yi maka kama da wanda ya yi wannan aika-aika? Abin da ya gani ruwa ne, da abincin da bai gama ratsa hanji ba.

Sikeli ba ya tantance komai. Ƙashi, jini, kitse, fitsarin da ke mara, rigar da ke wuya, duk kuɗin goro yake yi musu ya ba ka lamba ɗaya. Kusan kashi 60 cikin 100 na jikin namiji ruwa ne, lita ɗaya kuma kilo ɗaya ce. Ni idan mutum ya fara yi mini wannan ƙorafi ba na doguwar magana. In ce ya hau, mu karanta tare, in miƙa masa gorar ruwa mai rabin lita ya shanye, in ce ya sake hawa. Yana kallo lambar za ta ƙaru da rabin kilo. Sai in tambaye shi: yanzu ka yi ƙiba ke nan a gabana? Galibi dariya suke yi, daga nan kunne ya buɗe.

Ga abin da ke sa aikin nan yake ruɗa mutane. Wanda yake rage kalori 500 a kullum, abin da yake zubarwa na kitse a sati kusan rabin kilo ne kawai, wato wajen giram 70 a rana. Kofin ruwa ɗaya giram 250 ne, ya shanye wahalar kwana uku da rabi a idon sikeli. Nauyin lafiyayyen mutum kuma yana iya hawa da sauka da kilo ɗaya zuwa biyu a cikin yini guda. To ta yaya za ka hango giram 70 a cikin wannan kai-komo da awo ɗaya?

Kuskurenka ma ba yau ka yi shi ba, tun satin farko ka yi shi, ranar da ka taya shi murnar kilo biyu da rabi. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka don bukatar gaggawa, ana ce masa gilaikojin, yawansa ya kai kusan rabin kilo a babban mutum. Kowane giram ɗaya nasa yana riƙe da ruwa wajen giram uku. Da mutum ya rage abinci mai sitaci ya fara motsa jiki, wannan ajiya ake fara taɓawa, ruwan da ke tare da ita kuma ya bi fitsari ya fita. Shi ya sa satin farko yake da daɗi. Ranar da ya zauna ya ci abinci mai sitaci ya ƙoshi, rumbun ya sake cika, ruwan ya dawo da shi. Bashi ne sikeli ya ba shi, yau ya zo karɓar abinsa. Da ka faɗa masa tun ranar cewa kila rabin kilo ne kawai kitse a ciki, da yau bai ɗaga maka murya ba.

Sai gishiri. Abinci ɗaya mai gishiri sosai, musamman na waje ko na gwangwani da na leda, yana sa jiki ya riƙe ruwa kwana ɗaya ko biyu kafin ƙoda ta daidaita al'amari. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma ba wuya mutum ya zarce haka a zama guda. Tambaye shi abin da ya ci daren Lahadi. Tambaye shi kuma rabonsa da bayan gida, ba abin kunya ba ne a sana'armu, domin abinci yana iya kwana ɗaya zuwa uku a hanya.

Akwai kuma wanda kai da kanka ka jawo. Na ga ka ƙara masa ƙarfe a atisayen ƙafa ranar Asabar. Tsokar da aka sa aikin da ba ta saba ba tana ɗan tsattsagewa ta ciki, jiki ya turo ruwa wurin don gyara. Tsamin jikin nan da ke tsananta kwana ɗaya zuwa uku bayan atisaye, da ɗan kumburi yake tafe. Wanda yake saukowa daga bene yana dafa bango saboda cinya, kada ka yi mamaki in sikeli ya hau. Ruwa ba ya tsami banza.

Idan mace ce, a nan za ka ninka hattara. Kwanakin da ke gaban al'ada mata da yawa suna riƙe ruwa, kilo ɗaya ko fiye, ya sauka da kansa bayan jini ya zo. Ina sabon shiga na taɓa yi wa wata baiwar Allah irin abin da kake shirin yi. Ta yi sati biyar tana bin tsari tiryan-tiryan, rana ɗaya lamba ta hau, ni kuma don in nuna na san aiki na zabge mata abincin dare na ƙara mata minti ashirin a kan keke. Ban tambaye ta komai ba. Kwana huɗu ta yi a haka, jiri ya kwashe ta tana tsaka da atisaye, ba ta sake dawowa ba. Har yau abin yana ci mini rai. Nauyin mace da na irin wannan lokaci a watan jiya ake gwada shi.

Zancen "tsoka ce ta ƙaru" kuwa, na san inda ka ji shi, kowane wurin motsa jiki ana faɗinsa. Gaskiya ne tsoka ta fi kitse nauyi idan girmansu ɗaya. Amma sabon shiga mai ɗaga ƙarfe da gaske yana ci yana barci, in ya samu kilo ɗaya na tsoka a wata guda ya yi babbar sa'a, balle wanda yake rage abinci. A kwana biyu ba ta fitowa. Ƙarya ce mai daɗin ji, ranar da ya gano ta kuma ya daina yarda da sauran maganarka.

Don ka san yadda ruwa yake ɓoye gaskiya: a 1944 zuwa 1945 wani masani mai suna Ancel Keys ya yi gwaji a Jami'ar Minnesota ta Amurka da maza 36 da suka ba da kansu. Wata shida ana ba su kusan rabin abincin da suke bukata, suka zubar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Duk da wannan yunwa, da yawansu ƙafafu da gwiwoyi suka kumbura da ruwa, har ruwan ya rufe wani ɓangare na ramar a kan sikeli. Yunwa mai tsanani kanta tana sa jiki riƙe ruwa. Ka ga illar zabge wa mutum abinci don lamba ta hau.

Kuma ka cire masu rigar leda daga lissafi, masu nannaɗe ciki su hau keke don su yi gumi. Kitse ba ta gumi yake fita ba. A 2014 Ruben Meerman da Andrew Brown sun lissafa a mujallar likitoci ta BMJ cewa cikin kilo 10 na kitsen da aka ƙona, kilo 8.4 ta huhu yake fita a matsayin iskar da muke fitarwa, sauran 1.6 ya zama ruwa. Mai rigar leda zai sauka da ragin kilo guda, ya sha ruwa ya mayar kafin ya isa gida.

Yadda ake awo kuwa ba shi da wuya: da safe, bayan ya kama ruwa, kafin ya ci ko ya sha, da tufafi marasa nauyi, sikeli ɗaya, a kan daɓe mai tauri. Ya rubuta kullum, ya rufe littafin. Ranar Lahadi a tara bakwai ɗin a raba gida bakwai. Ga shafin wani da na horar, daga Litinin: 92.4, 91.8, 92.9, 92.1, 91.6, 92.7, 91.9. Matsakaici 92.2. Sati na gaba: 91.5, 92.3, 91.2, 91.9, 92.4, 91.1, 91.5. Matsakaici 91.7. Ya sauke rabin kilo, daidai yadda ake so. Amma dubi Juma'a da Juma'a: 91.6 da 92.4. Da ranar Juma'a kaɗai yake hawa, da ya rantse ya ƙaru da kusan kilo. Ka haɗa masa da tef ɗin awo a daidai cibiya duk bayan sati biyu, abin nema shi ne faɗin ƙugu ya gaza rabin tsayinsa. Ramin bel ma shaida ne.

Sai matsakaicin ya yi sati uku ko huɗu bai motsa ba, ƙugu ma haka, sannan ake taɓa tsari. Ko a lokacin, fara da bincikar abin da ke shiga baki ba a rubuta ba: man girki, abin sha mai zaƙi, ciye-ciyen ƙarshen sati.

Abu biyu ne ba namu ba. In nauyi ya hau fiye da kilo biyu cikin kwana uku ga kumburin ƙafa ko fuska, ko numfashi yana yi masa wuya in ya kwanta, ka dakatar da atisaye ka tura shi asibiti a ranar, domin zuciya ko ƙoda na iya jawo haka, wasu magunguna ma suna sa riƙe ruwa. Wanda kuma ka lura lamba tana hana shi cin abinci, yana hawa sikeli sau biyar a yini, ka raba shi da awon kullum, in abin ya ci gaba ya ga likita.

Gobe in ya zo, ka tanadi gorar ruwanka, ka yi masa lissafin 7,700 a takarda da hannunka, ka ce ya ba ka zuwa Lahadi biyu. Sikelin nan namu kuma na ga wani ya ja shi kan tabarmar roba ta wajen ƙarafa. Mayar da shi kan tayil, ka sauya masa batir.