Za mu hau dutse kallon ganyen kaka da 'yar wata 20, in ba ta maganin barci?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Muna zaune kusa da Washinton. Maigidana yana so mu je gandun Shenandoah da ke jihar Bajiniya a watan Oktoba, lokacin da ganye ke juyewa ja da ruwan ɗorawa. 'Yarmu watanta 20, ba ta son mota, kuka take yi har ta kai ga amai. Ina tsoron kada tsayin dutse ya hana ta numfashi. Surukata ta zo mana da Phenergan na ruwa daga gida, ta ce in ba ta rabin cokali ta yi barci har mu isa, wai haka ake yi wa yara a doguwar tafiya. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya raya mana ita. Tsayin dutsen kam ki cire shi daga ranki. Ƙololuwar Hawksbill, wadda ta fi kowace tsayi a gandun, mita 1,235 ce, kusan daidai da garin Jos. Ciwon hawan tsauni sai an haura wajen mita 2,500 yake fara damun mutane. Yarinya mai lafiyar zuciya da huhu ba abin da zai same ta a can. Abin da ya tsorata ni a wasiƙarki shi ne kwalbar da Hajiya ta kawo.

Kada ki ba ta. Ko ɗigo. Sinadarin da ke cikin Phenergan, wato promethazine, yana danne cibiyar numfashi a ƙwaƙwalwa, kuma tun ƙarshen 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mafi tsanani da take sa wa magani: ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba, saboda an rasa yara ta dalilinsa. Wasu daga cikinsu ba a ma wuce ƙa'idar awo ba. Don haka zancen "rabin cokali ne kawai" ba ya kare kowa, balle cokalin kicin da kowane gida da girman nasa.

Ki duba yanayin da za ki ba ta shi. Tana ɗaure a kujerar mota, fuskarta na kallon baya, ke kina gaba. Magani ya kama ta, wuya ya saki, haɓa ta faɗo kan ƙirji, hanyar iska ta matse. Yaron da ke barcin Allah da Annabi in ya ji numfashi ya toshe yana motsawa ya gyara kansa, wanda magani ya kwantar kuwa ba lallai ya motsa ba. In amai ya taso mata a wannan hali yana iya komawa huhu. Ku kuma kuna gaba kuna murna yarinya ta yi shiru. Ga shi a kan Skyline Drive, titin da ya ratsa gandun ta saman dutsen, wurare da yawa babu sabis na waya, gudun mota bai wuce mil 35 a awa ba, asibiti kuma sai an gangaro kwari, garin Luray ko Front Royal.

Kullum sai an kawo mana irin wannan, kuma sunan maganin ne kawai ke canzawa. Yau Piriton, gobe Benadryl, jibi maganin tari. Mai kemis ya miƙo ba tare da ya tambayi shekarun yaro ba, mata a zauren WhatsApp su ce "mu ma da shi muka yi rainon namu." To, waɗanda abin ya faɗa wa ba sa dawowa zauren su ba da labari, cewa ake yi iska ce ko ajali. A jikin kwalin Benadryl ma an rubuta ƙarara cewa kada a yi amfani da shi don sa yaro barci, kuma wasu yaran maimakon barci sai ya birkita su, su yi ta ihu da fizge-fizge awanni. Mai kodin kuwa ba a maganarsa: Amurka ta haramta shi ga 'yan ƙasa da shekara 12 a 2017, Najeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018. Alewar melatonin ta sa barci da ta zama yayi ita ma kada a ba ta sai likitanta ya ce. Hajiya ba mugunta ta yi ba, abin da ta gani ana yi ne. Ki sa maigida ya faɗa mata da ladabi cewa likita ce ta hana, a ɗaga kwalbar daga inda hannun yarinya zai kai.

Amanta kuma, a wannan shekarun yawanci kukan ne ke jawo shi, don jirin mota ya fi kama yaran da suka haura shekara 2. Ku tashi daidai lokacin barcinta. Ta ci abu mara maiƙo minti 30 zuwa awa guda kafin tafiya, kada a cika ta da madara a hanya, kada a miƙa mata waya. Ki zauna baya kusa da ita, a ɗan sauke gilashi, a tsaya duk bayan awa ɗaya. In ta ɓarke da kuka a nemi wurin tsayawa, ba a cire ta daga kujera a ɗora a cinya mota na tafiya.

Kada ku ce sai kun gama titin. Tsawonsa mil 105 ne, kwana a kan kwana, manya ma yana gajiyar da su. Ku shiga ta ƙofar Thornton Gap wajen mil na 31, ku tsaya a Big Meadows a mil na 51, inda akwai banɗaki da abinci da gidan mai. A tsakani, a mil na 43, akwai hanyar ƙafa ta Limberlost, zagayen kusan kilomita 2, shimfiɗaɗɗiya da bencina, keken tura yara na bi. Hanyar ƙafa ta zuwa magangarar ruwan Dark Hollow Falls ta yi gangare da santsi, ku bar ta sai ta girma. Ganyen daga saman dutse yake fara juyewa ya gangaro, galibi ya fi kyau daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshensa, gandun kuma yana fitar da bayanin halin da ake ciki duk mako. Asabar da Lahadi layin motoci a ƙofa sai ya ƙure haƙurin yaro, ku zaɓi ranar aiki ko ku yi sammako.

Sama ta fi kwari sanyi da wajen digiri 6, ga iska. Ki sa mata riguna marasa kauri biyu ko uku, da hula da safa, da canji a jaka. Amma babbar rigar sanyi ba a ɗaure yaro da ita a kujerar mota, don a haɗari tana lotsewa bel ya yi sako-sako. Ki ɗaure ta tukun har ki kasa tsunkuno bel ɗin a kafaɗarta, sannan ki lulluɓa bargo a kai. In kin goya ta ki riƙa taɓa ƙafafunta, ke da ke tafiya kina jin ɗumi, ita da ke zaune sanyi ke shigarta.

A wuraren tsayawa kallo katangar gajeruwa ce, hannunta ya kasance cikin naki, kuma ba a zaunar da ita a kai don hoto. Ki lura da abin da take tsinta, musamman laimar kwaɗi. Kaska na nan a Oktoba kuma tana ɗauke da cutar Lyme, don haka ki cusa wandonta cikin safa, da dare ki duba kai da bayan kunne da hammata da cibiya da matsematsi. In kin gani ki kama ta da matsefata dab da fata ki ja a miƙe, ban da man shafawa, ban da ashana.

In kuwa an riga an ba ta maganin ba da saninki ba, ki kira layin guba, 1-800-222-1222, da kwalbar a hannunki. In ta ƙi farkawa, ko numfashinta ya yi ƙasa, ko leɓenta ya sauya launi, ki kira lambar gaggawa 911 kai tsaye.