Tambaya da Amsa: Da na yi commit sai manhajata ta tsaya cak

Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da rumbun bayanan wata makarantar kuɗi a Tudun Wada, Gombe. Na rubuta 'yar manhaja da yaren Python da psycopg2 (mai haɗa Python da rumbun bayanai), tana bin sunayen ɗalibai a rumbun PostgreSQL tana gyara kuɗin zangon kowa. Saboda tsoron ɗauke wuta, duk layi 500 nakan yi commit, wato in tabbatar da gyaran a rumbun. Ana yin na farko sai ta tsaya, ta ce "named cursor isn't valid anymore". Ina gizo ke saƙa?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Manhajarka lafiyarta ƙalau, kai ne ka tsinke mata igiya. Kursar da ka ba suna (named cursor, mai miƙo maka sakamako kaɗan-kaɗan) a cikin saba, wato kwamfutar da ke riƙe da rumbun, take zaune, kuma ranta na ɗaure da tiransakshan ɗin da aka buɗe ta a ciki, wato zangon aikin da commit ke rufewa. Kana yin commit, PostgreSQL ya rufe tiransakshan, kursa ta bi shi. Da marar suna ce ba za ka ga wannan ba, don ita tun farko take kwaso komai zuwa kwamfutarka. 

Gyara mafi sauri shi ne ka buɗe kursar da withhold=True. To amma ka san abin da ka saya: a commit na farko saba za ta juye sakamakon gefe guda, a ƙwaƙwalwa ko fayil na wucin gadi, ta riƙe har ka rufe kursar da hannunka ko haɗinka da rumbun ya yanke. Kuma ba ya haɗuwa da FOR UPDATE, umarnin da ke kulle layukan da za ka gyara. Kana iya kuma buɗe haɗi (connection) biyu zuwa rumbun, ɗaya na karatu, ɗaya na rubutu.

Ni dai da ni ne, duka biyun zan bari, tunda wuta ce damuwarka, kuma mu nan Bauchi ma ba ta bar mu ba. Ka ɗebo 500 da WHERE id > na ƙarshe ORDER BY id LIMIT 500, ka gyara su, ka ajiye lambar da ka tsaya a wani ɗan tebur, sannan ka yi commit gaba ɗaya. Ko janareta ya mutu a tsakiya, daga nan za ka ɗora, ba a ƙara wa ɗalibi kuɗi sau biyu ba.

Kafin duk wannan, duba ko UPDATE guda ɗaya zai gama aikin. Ɗaliban makaranta ɗaya ba su kai yawan da zai wahalar da PostgreSQL ba.