Fili ɗaya, zane iri biyu

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda jami'a da ƙungiyar NFL (babbar gasar ƙwararrun 'yan wasa) ke raba fili ɗaya a ƙwallon Amurka, kamar Jami'ar Pittsburgh da ƙungiyar Steelers.

Tsawo da faɗin filin duk ɗaya ne. Aikin yana ga 'yan gajerun layukan nan da ke jere sahu biyu a tsakiyar fili: a NFL tazarar da ke tsakanin sahun biyu ƙafa 18 da inci 6, a jami'a kuwa ƙafa 40. In jami'a ta buga ran Asabar, NFL ran Lahadi, ma'aikata kan kwana suna wanke fenti, suna sauya tambari. Ka zuba ido a talabijin, tsohon zanen yakan ɗan leƙo ta ƙarƙashin koren fenti.

Kada dai a shafa fentin gini, lalata ciyawa yake. Wannan sai ƙwararren mai kula da fili.