Me ya sa dodannin fina-finai suka daina ban tsoro?

Ka tambaya me ya sa dodannin fina-finan yanzu suke ba mutum tausayi, mai farautarsu kuma ya zama abin zargi. Ai abin ba sabo ba ne. Tun 1818 marubuciya Mary Shelley ta fitar da littafin Frankenstein, inda halittar da aka harhaɗa take kuka da wanda ya ƙera ta, ya tsere ya bar ta.

Abin da ke sauyawa shi ne abin da mutane ke tsoro. A littafin Dracula na 1897, dodon baƙo ne mai shan jini, mai farautarsa Van Helsing kuwa dattijon likita, makamansa tafarnuwa da gicciye da turken itace a ƙirji. Japan ta fito da fim ɗin Godzilla, dodon da gwajin nukiliya ya tayar, a 1954, shekara 9 bayan jefa bam ɗin nukiliya a birnin Hiroshima. Wannan kam tafarnuwa ba ta yi masa komai.

Maharbin yau galibi ɗan kwangila ne, a biya shi ya kashe, wani sa'in ma shi kansa rabinsa dodo ne. Ni dai wannan ya fi burge ni, don mutanen garin da suka ɗauke shi aiki sukan fi dodon mugunta.